Ƙarfin Daɓe Yana Ƙarƙashinsa: Girka Manyan Injuna A Kasuwar Bodija

Duk baƙon da ya shiga Kasuwar Bodija ta birnin Ibadan da hantsi, kafin idonsa ya gama ganin tulin buhunan wake da masara da kwandunan tattasai, kunnensa ya riga ya cika da rurin injuna. Ta wannan gefe injin niƙa ne ke aman gari, ta wancan gefe na markaɗe, can kuma daga sashen 'yan katako, wanda Yarbawa ke kira Iso Pako, ƙarar zarto ce ba ta yankewa tun safe har la'asar. Kowane ɗaya daga cikin injunan nan jarin wani bawan Allah ne, kuma abincin gidaje da yawa ya dogara a kansa.

Mai inji yakan san kuɗin da ya saye shi, ya san man da yake sha, ya san makanikin da zai kira in ya ƙi tashi. Abin da ba safai yake tambaya ba shi ne ko abin da ya ɗora injin a kai zai iya ɗaukarsa. A kasuwar akwai shagunan siminti, akwai kuma rumfunan katako, wasu an ɗaga daɓensu bisa ƙafafu don gudun ruwan damina. Irin wannan daɓe an yi shi ne domin mutum da kujerarsa da 'yan kayansa. Ran da aka shigo da ƙarfe mai nauyin rabin tan aka girka a kai, an ba shi aikin da ba don shi aka yi shi ba. In ya gaza, asarar ba ta tsaya ga katako ba: inji yakan karkace, bel ya tsinke, zarto ya kauce daga layinsa, alhali kuwa hannun yaron shago yana kusa.

Daga Sabo zuwa Bodija

Zaman Hausawa a Ibadan, ko Badun kamar yadda mutanen da ke kiranta, ya daɗe ƙwarai. Jirgin ƙasa ya iso garin daga Ikko a shekarar 1901, ya kai Kano bayan shekara goma, sai fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da Kurmi ya bunƙasa. A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo kusa da Mokola, inda fatake suka riƙa sauka wurin masu masauki. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a cikinsu ya rubuta littafi a kan zamansu da cinikinsu, aka buga shi a 1969.

Ita kuwa Kasuwar Bodija ƙaramar yarinya ce in an gwada ta da Sabo. An buɗe ta ne a watan Oktoba na 1987, zamanin da Kanar Adetunji Olurin ke gwamnan soja na Jihar Oyo, bayan da cunkoso ya yi wa kasuwar abinci ta Orita Merin yawa. Tana arewa da Sabo, ba nisa da Jami'ar Ibadan, kusa da hanyar da ta nufi Oyo da Ogbomoso da Ilori, watau hanyar da manyan motocin Arewa ke bi su sauko da hatsi da albasa da barkono. Ta haka ne 'yan kasuwar Arewa suka sami gindin zama a cikinta, a matsayin dillalai da masu shago da masu ɗaukar kaya.

Inda hatsi ya taru tilas a sami injin niƙa, inda katako ya taru kuma tilas a sami injin yanka da na gogewa. Kasancewar kasuwar katako tana nan kusa, ba abin mamaki ba ne mai neman rumfa ya fara tuna falanki kafin ya tuna siminti. Katako ya fi saurin haɗuwa, ana iya kwance shi in tashi ya kama, ɗan haya kuma ba koyaushe mai wuri ke yarda ya zuba kankare ba. Dalilan nan duka na hankali ne. Sai dai akwai ƙa'idodin da in ba a kiyaye su ba, sauƙin nan yakan koma tsada.

Nauyin buhu da nauyin inji

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne nauyi iri biyu ne. Akwai wanda ya bazu a kan daɓe, kamar buhunan da aka jera, akwai kuma wanda ya taru wuri guda, kamar ƙafar inji. A ƙa'idar gini ta Ingila, wadda injiniyoyin Nijeriya suka daɗe suna aiki da ita, daɓen ɗakin kwana ana lissafa masa kimanin kilo 150 a kan kowane murabba'in mita, na masana'anta kuwa kimanin kilo 500. Yawancin daɓen da kafinta ke yi ba tare da an gaya masa za a sa inji ba, in ya yi ƙoƙari, irin na ɗakin kwanan ne.

A ɗauki misalin inji mai nauyin kilo 600 da ke tsaye bisa ƙafa huɗu. Kowace ƙafa tana danna daɓe da kilo 150, a wurin da bai fi faɗin tafin hannu ba. Ashe nauyin da aka tanadar wa murabba'in mita guda ya tattaru a kan falanki ɗaya. In ƙafar ta dace da kan azara, watau katakon da aka jera a ƙarƙashi don ya ɗauki falankan, da sauƙi. In ta faɗa tsakanin azara biyu, falanki mai kaurin inci ɗaya ne kaɗai ke tsakanin injin da ƙasa.

Sa'an nan inji ba ya zama shi kaɗai. Mai niƙa yana da masu kawo niƙa, kowa da buhunsa, kuma kusa da injin ake jibge su. Buhun masara ko na wake na manyan 'yan kasuwa yakan kai kilo 100, goma sun zama tan guda ke nan. Sau da yawa buhunan da ke jiran layi sun fi injin kansa nauyi. Haka abin yake ga mai gogar katako, wanda ɗanyun falankai ke tare a gefensa. Saboda haka wanda zai yi lissafi sai ya haɗa injin, da motarsa ko janaretonsa, da kayan da za a tara ran da kasuwa ta cika, da mutanen da za su tsaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne, da an ga daɓe ya fara lotsawa, sai a sayo falankai a ƙara shimfiɗawa a sama. Wannan yana hana ƙafar inji huda daɓen, yana kuma raba nauyin ga azara biyu ko uku, amma bai ƙara wa azarar ƙarfi ko kaɗan ba, hasali ma kaya ya ƙara mata. Gyaran gaskiya a ƙarƙashi yake. Nauyi hanya yake nema zuwa ƙasa: daga ƙafar inji zuwa falanki, daga falanki zuwa azara, daga azara zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa ƙasa mai tauri. Duk inda hanyar nan ta yi rauni, nan ne daɓen zai karye.

Darasin maginan da

Ilmin da ake bukata a nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san cewa azarar giginya, duk da taurinta da ƙin cinta da gara ke yi, ba a sake mata tazarar da ta wuce kimanin ƙafa shida in za a ɗora mata rufin ƙasa. In ɗaki ya fi haka faɗi, sai su rage tazarar da dabara: su fito da azara daga bango hawa-hawa, ko su kafa ginshiƙi a tsakiya, ko su ɗaura bakan gizo. Da wannan hikima ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bai nemi itacen da ya fi giginya ba, tazara ya gajarta.

Lissafin injiniyoyin zamani ya gaskata su. Katako a kasuwannin Nijeriya yawanci tsawon ƙafa 12 ake yanka shi, don haka kafinta yakan bar azara ta tsallaka ƙafa 12 ɗin nan ba tokara. In an gitta wani ƙaƙƙarfan gungume a ƙarƙashi, daidai tsakiya, aka tokare shi da ginshiƙai, tazarar ta koma ƙafa 6. Da wannan kaɗai wahalar da nauyin tsakiya ke ba azara ta ragu da rabi, lanƙwasawarta kuwa ta koma kimanin kashi ɗaya cikin takwas. Babu wani gyaran da ke ba da riba irin wannan da kuɗi kaɗan. In kuwa an san ainihin inda injin zai zauna, abin da ya fi shi ne a kafa ginshiƙan daidai ƙarƙashin ƙafafunsa.

Abu na biyu shi ne yadda aka ajiye katakon. Katako mai inci 2 da inci 6, wanda 'yan kasuwa ke kira tu-bai-sikis, in an kafa shi a kan gefensa ya fi ƙarfi ninki uku bisa ga in an kwantar da shi, wajen ƙin lanƙwasa kuma ninki tara. Zurfin azara ne ke aiki fiye da faɗinta. Wanda ya bar mai inci 6 ya sayi mai inci 8 ya ƙara kashi ɗaya cikin uku ne na katako, amma ƙarfin da ya samu ya kusa ninki biyu. Haka kuma in an juya maganar: katakon da aka sayar da sunan inci 6 alhali inci 5 ne ya rasa kusan sulusin ƙarfinsa. Tun da ba kowane katako ne ke cika awon da ake kiransa da shi ba, mai saye ya tafi kasuwa da tef a aljihu.

Inda ba a iya canja azara, sai a yi mata ƙawa, watau a jingina mata sabuwa a gefe, tsawonta ɗaya, kowane kai ya hau kan mazauninsa, a ɗaure su da noti da washa. Guntun katako da aka manna a tsakiya da ƙusa uku bai yi aikin komai ba. Ana kuma cusa guntaye tsakanin azara da azara don kada su kife, su kuma taya juna ɗauka. A ƙarƙashin inji ana matso da su, daga tazarar inci 16 ko 24 zuwa inci 12. Bayan an gama wannan ne ake shimfiɗa katako mai kaurin inci 2 ko farantin ƙarfe a sama, a gicciye da azara, yadda ƙafafun inji za su hau kansa.

Akwai abin da ba a yi wa azara ko da wasa, shi ne a sare ta daga ƙasa a tsakiyarta don a wuce da waya ko bututu. Gefen ƙasa shi ne ke miƙewa in an danna daga sama, kuma daga saran nan tsaga ke farawa. Saboda wannan dalili ne in katako yana da gaɓa babba, ake juya ta ta koma sama.

Zaɓen katako

Wanda ke Bodija ya yi sa'a, gama kasuwar katako tana ƙofarsa. Ana kawo itatuwa daga dazukan ƙasar Yarbawa, irin su Omo a Jihar Ogun da Oluwa a Jihar Ondo, daga nan kuma motoci ke ɗaukar katako zuwa Arewa. Amma ba kowane katako ne na ɗaukar kaya ba, kuma hannu ma yana iya bambancewa tun kafin a tambayi kuɗi.

Obeche, wanda Yarbawa ke kira arere, fari ne marar nauyi, murabba'in mita mai zurfin mita guda nasa in ya bushe bai kai kilo 400 ba. Yana da daɗin aiki, ya dace da akwati da silin, amma ƙwari na sonsa, laima kuma na ruɓar da shi da wuri. Afara ma ba ta jure laima. Loko, watau iroko, yakan kai wajen kilo 650, kuma zuciyarsa tana jure gara. Kawo, wanda ake kira apa a Kudu, yakan kai wajen kilo 800, ba ya yawan motsi da canjin yanayi. Opepe shi ma mai jurewa ne. Ekki kuwa ya haura kilo 1,000, nutsewa yake yi a ruwa, shi ya sa aka riƙa yin matashin titin jirgin ƙasa da gadojin bakin teku da shi, sai dai tilas a huda shi kafin a sa masa ƙusa. Ginshiƙi da gungumen tsakiya su suka fi cancantar irin waɗannan masu tauri, falankan gefe kuwa a iya sassauta musu.

Manyan itatuwan da aka saba gani a da sun yi ƙaranci. Tun 1976 gwamnatin tarayya ta hana fitar da gungume waje don ƙasa ta wadatu, duk da haka dazuka sun ci gaba da raguwa. Yanzu kasuwa ta cika da malaina da itatuwan da aka sare ba su ƙosa ba. Ƙaramin itace kuwa ɓawonsa na ciki, farin nan da ke kewaye da zuciya, ya fi yawa, kuma ko na loko ne ƙwari suna cinsa. Don haka a nemi katakon da launinsa ya nuna zuciya ce, marar farin gefe, marar tsaga, mai miƙaƙƙen zare.

Haka nan a guji ɗanyen katako. Wanda aka yanka jiya cike yake da ruwa, ya fi busasshe rauni, kuma in aka ɗora masa nauyi yana ɗanye, lanƙwasar da ya yi da ita zai bushe. Yana bushewa yana tsukewa, notin da aka ɗaure tamau ya saki. Mai dabara yakan sayi katakonsa tun da sauran watanni, ya jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Mai neman ƙarin bayani kuma, Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya tana nan unguwar Jericho cikin Ibadan, Jami'ar Ibadan ma tana koyar da ilmin daji da na sarrafa katako.

Laima da gara

A nan ne mutumin Arewa ya fi ruɗuwa. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya saba da damina ta wata huɗu, sauran shekara kuwa rana da hunturu su busar da komai. Ibadan ba haka take ba. Ruwa yakan fara tun watan Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sosai sai ƙarshen Oktoba, abin da ke sauka a shekara kuma ya haura milimita 1,200. Mutanen garin ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta ran 31 ga Agusta 1980 ba, balle ta ran 26 ga Agusta 2011. Katakon da zai shekara ashirin a rumfar Kano yana iya ruɓewa a 'yan shekaru in ya zauna cikin laimar Kurmi.

Masana katako sun tabbatar cewa ruɓa ba ta kama itace sai ruwan da ke jikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100. Maganin ke nan a bayyane: a hana shi jiƙa, in ya jiƙa a ba shi hanyar bushewa. Kada a binne gindin ginshiƙi a ƙasa. A zuba masa ɗan dakalin kankare da ya ɗara ƙasa da inci 6 ko fiye, a sa takalmin ƙarfe ko shimfiɗar kwalta tsakaninsu, don itace ba ya shiri da ruwan da siminti ke tsotsowa. A bar sarari kamar ƙafa ɗaya da rabi tsakanin ƙasa da azara, kada a toshe gefuna, iska ta riƙa wucewa, mutum kuma ya iya leƙawa. A shafa maganin katako irin su Solignum, musamman a kawunan da aka yanka, domin ta nan ruwa ya fi shiga. Baƙin man mota da wasu ke shafawa bai kai maganin gaske ba, ga shi kuma abokin wuta ne.

Sai sharar ƙarƙashin daɓe. Garin katako da dusa da ruwan markaɗe suna zuba ta tsakanin falankai su taru. Tarin nan yana riƙe laima, yana kiran gara da ɓeraye, a lokacin rani kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Share shi kowane mako aiki ne na yaro ɗaya, amma yana cikin abin da ke tsawaita ran daɓe.

Girgiza

Buhu in an ajiye shi ya zauna ke nan. Inji kuwa motsi yake yi, wannan ne ya sa daɓen da ya ɗauke shi lafiya yana kashe zai iya gazawa in an tashe shi. Tsohon injin gas mai tukunya ɗaya irin na kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila, wanda daga baya masana'antun Indiya suka riƙa kwaikwayo, nauyinsa ya haura kilo 300, yana kuma juyawa sau 650 a minti, watau kusan sau 11 a daƙiƙa. Motar lantarki ta yau da kullum tana juyawa kimanin sau 1,450 a minti, kusan sau 24 a daƙiƙa. Kowane juyi ɗan naushi ne ga daɓe.

Kowane daɓe yana da saurin rawar da ya fi so, kamar lilon yara. In turin inji ya dace da saurin nan, ƙaramin turi sai ya haifi babbar rawa, kamar yadda yaro ke cilla ɗan'uwansa sama da hannu ɗaya in ya san lokacin turawa. Shi ya sa wani daɓen yakan kama kakkarwa a daidai lokacin da inji ke tashi ko yake mutuwa. Gajarta tazarar azara yana taurara daɓe, ya rage wannan rawa. Ƙusa ba ta jure girgiza, sannu a hankali take zarewa, don haka duk mahaɗar da ke ɗauke da inji noti da washa ne nata, a kuma riƙa bi ana ƙara ɗaure su. Robar tsohuwar taya ko ta bel a ƙarƙashin ƙafafu tana rage ƙara da jijjiga, amma ba ta mai da raunanan daɓe ƙaƙƙarfa.

Ga injin da ya yi nauyi ƙwarai, ko mai bugu irin na gas da babban injin niƙa, shawarar injiniyoyi guda ce: kada a ɗora shi a kan katakon sam. A yanke daɓen daidai girman mazauninsa, a haƙa har a wuce shara da garin katako da cikon ƙasa a tarar da jar ƙasa mai tauri, a zuba masa dakalin kankare nasa na kansa da zai taso daidai da daɓen. A bar ratar inci guda kewaye da shi a cusa roba, yadda girgizar za ta sauka ƙasa ba ta bi katako ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce dakalin ya ninka nauyin inji mai bugu sau uku zuwa biyar. Dakali mai tsawon ƙafa 4, faɗin ƙafa 3, zurfin ƙafa 2 yana da nauyin kimanin kilo 1,600, ya ishi inji mai kilo 400. In an yi kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, buhun siminti huɗu zuwa biyar zai ci, da 'yan sandunan rodi. Ana dasa notocin da za su riƙe injin tun kankaren yana ɗanye, a riƙa ba shi ruwa har kwana bakwai. Cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, mai gaggawar tada inji a kwana na uku kuwa shi zai fara ganin tsaga.

Benen katako kuma, irin na tsofaffin gidajen Ibadan, ba wurin inji ba ne. Inji ƙasa, kaya marasa nauyi sama.

Ranar shigar da inji, da bayanta

Ran da ake shigar da inji ita ce ranar da ta fi haɗari. Ana mirgina shi bisa bututun ƙarfe, nauyin duka ya koma kan bututu ɗaya ko biyu, ga ƙarti shida ko takwas kewaye da shi, kuma ana bi ta wuraren da ba a ƙarfafa ba, musamman bakin ƙofa. Tilas a shimfiɗa katakai masu kauri tun daga ƙofa har mazauni, a tokare ƙarƙashin hanyar na wucin gadi, kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin daɓe sai an gama. In daɓen ya riga ya lotsa ana so a ɗaga shi da jak, a yi a hankali, kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, bayan an sauke masa kaya.

Daɓe ba ya faɗuwa bai yi gargaɗi ba. In bel ya riƙa zamewa daga mazauninsa, ko boris ya riƙa mutuwa da wuri, ko falankin da aka goge ya fito gefe ɗaya ya fi kauri, a duba daɓe kafin a zargi makaniki. Ruwan da aka zuba ya gangara wajen inji, kan ƙusa ya taso, ƙofa ta fara ƙin rufuwa, garin itace mai laushi a gindin ginshiƙi, hanyar gara ta ƙasa a jikin dakali, duk saƙo ne. A miƙa zare daga bango zuwa bango a ga ko tsakiya ta sauka. A soka tsinin wuƙa a kawunan azara, in ya shige ba wahala, katakon ya mutu. Farkon damina da ƙarshenta su ne lokutan wannan dubawa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987, shekarar da aka buɗe Bodija, ta wajabta cewa daɓen wurin aiki ya zama ingantacce a kuma riƙa kula da shi, sassan inji masu haɗari kuma a killace su. Tun 1970 aka kafa hukumar yi wa injiniyoyi rajista, wadda aka sani da COREN, kuma injin da nauyinsa ya kusa tan ya cancanci a kira mai rajista ya duba wurin kafin a girka shi.  Ɗan haya kuma ya nemi yardar mai wuri da ta shugabannin kasuwa tun kafin a fasa daɓe, a rubuta wanda zai biya da abin da zai faru in ya tashi, don kada gyara ya zama rigima. Rumfunan kasuwa a manne suke da juna, girgizar ɗaya tana shiga ta maƙwabci, wutar ɗaya kuma ta kowa ce.

Ƙungiyoyin masu niƙa da na 'yan katako, da shugabannin Hausawan kasuwa, za su yi babban taimako in suka sa wannan dubawa cikin al'adarsu, kamar yadda suke sa ido a kan mudu da sikeli. Wanda ya bar garinsu ya yi tafiyar ɗaruruwan mil, ya tara kwabo da kwabo har ya mallaki inji, bai kamata ya yi asararsa saboda ginshiƙi huɗu da buhun siminti biyar ba. Allah Ya kiyaye dukiya da lafiyar masu nema, amin.